Farfela a Ƙofar Kabari

Fortunata tana cikin goge reshen farfelar jirgin saman da tsumman da ta tsoma a man zaitun, sai ta ji takun Saverio a bayanta. Ba ta juya ba. Ta san abin da ya kawo shi, tunda gari kaf ya sani: baƙin arewa sun kwana a masaukin bakin teku, yau kuma za su hawo dutse.

"Goggo, ki rage na miya mana," in ji shi. "Man kirki duk ƙarfe ya shanye."

Ta ce masa ƙarfen ya fi wasu 'ya'yan dangi sanin alheri. Saverio ɗan ƙanen mijinta ne, shi ke kula da makabartar garinmu. Ya doshi sittin, amma bakinsa bai girma ba. Ya zauna a kan dakali, ya cire hula yana fifita, ko da yake safiyar Oktoba ce, iska tana saukowa daga tsaunin Aspromonte da ɗan sanyinta.

Ɗakin kaburburan gidansu ƙarami ne, irin na kowane gida mai ɗan hali: ramuka hawa-hawa a jikin bango, kowanne an toshe bakinsa da farin dutse, sai ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Iyayenta suna hagu. Mijinta Natale yana dama, a sama. A ƙasa akwai rami ɗaya da babu suna a kansa sai gicciye, tsakaninsa da na Natale kuma ramin da ta ajiye wa kanta. Reshen farfelar yana tsaye a gefen ƙofa, gindinsa a cikin siminti, ya ɗan fi ta tsawo, bakinsa ya lanƙwashe baya kamar kunnen akuya. Shafar shekara saba'in ta cinye baƙin fentin, ya yi sumul.

Tana 'yar shekara tara jirgin ya faɗo, a farkon Satumbar shekarar da sojojin ƙawance suka tsallako ruwa daga tsibirin Sisiliya, lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ta gani da idonta kaɗan ne: siririn hayaƙi ya ratsa sama, ƙara kamar ana yaga sabon zani, sai shiru a kurmin saman gari. Babanta mai ƙona gawayi ne, shi ya fara isa wurin. Ya sauko da gawar matuƙin a kan alfadari, naɗe cikin bargo, babu wata takarda a jikinsa da za ta faɗi ko ɗan wane ne. Mutanen gari suka hau suka kwashe jirgin ƙarfe-ƙarfe, har yau akwai gidajen da ludayinsu da murfin tukunyarsu na jikinsa ne. Babanta dai reshen farfela ɗaya ya ɗauko. Ya ce ɗan mutane ba zai kwanta a ramin marasa gata ba, ya sa shi a ɗakin kaburburansu. Uwarta kuma ta damƙa wa Fortunata aikin fitila, kowace Litinin ta zuba mai, ta kunna, ta yi masa addu'a.

A wurinmu mamacin da ba shi da kowa ba a barinsa haka. Wata mace takan ɗauke shi riƙo, ta share masa, ta kunna masa wuta, shi kuma ya riƙa zuwa mata a mafarki yana rama alheri. Wasu matan lambar caca suke roƙo. Fortunata ba ta taɓa neman komai a wurinsa ba sai hira. Ta raɗa masa suna Rafeli, sunan mala'ikan matafiya, kuma tunda ba ta taɓa ganin abin da ke cikin bargon ba, mafarki ya ba shi fuskar da ya ga dama.

Da farko yakan zo mata a matsayin babban wa, dogo, mai hular fata. Da ta yi aure sai ga shi da gashin baki. Shekarun da Natale ya yi a Jamus yana aikin gini, Rafeli ne ke zama a kan katangar lambu yana sauraron damuwarta, ya gyaɗa kai, wani lokaci ya ce ta yi haƙuri, wani lokaci ya ce kada ta yarda. Shi ya hana ta sayar da gonar zaitun ta bakin rafi. Shi ya zauna da ita watan da ta yi ɓari. Yanzu furfura ta cinye masa kai, yana dogara sanda, yana kukan gwiwa kamar ita. Fadan cocinmu ya taɓa gaya mata matattu ba sa tsufa. Ta ce masa shi littafi yake karantawa, ita kuwa gani take yi.

To, da bazarar bana wani mai yawon hawan dutse ya ɗauki hoton farfelar ya sa a intanet. Wasu 'yan ƙungiya a arewa, masu harhaɗa tsofaffin jirage, suka hango lambar da aka buga kusa da gindinta. Suka bi diddigi har suka gano jirgin, suka gano wanda ya tashi da shi ranar bai dawo ba. Yanzu 'yar ƙanwarsa ce ta zo ɗaukar ƙasusuwansa.

Saverio ya gaya mata ofishin gari ya ba da izini, likitan hukuma zai iso da la'asar, ƙaramin akwatin kwano ma yana ɗakinsa. Amma ɗakin kaburburan nata ne, makulli yana aljihunta, shi kuma ba zai fasa kwaɗon goggonsa ba ko magajin gari ne ya tsaya a kansa. Abin da ta ce shi za a yi.

"Bai ce komai ba tukuna," in ji ta.

Saverio bai tambayi wa take nufi ba. Ta ci gaba da goge wurin da ta riga ta goge. Gaskiyar magana ita ce tun ranar da labarin nan ya iso, Rafeli bai sake zuwa ba. Ta sha ruwan ganye, ta daina shan kofin yamma, ta kwanta ta ɓarin hagu kamar yadda uwarta ta koya mata, amma barci ya zo ya wuce babu kowa a ciki. Wannan shirun ya fi zuwan baƙin ci mata rai.

"Wataƙila kaya yake haɗawa," in ji Saverio. "Ko kuma kunya ce ta kama shi. Baffa Natale a sama, shi a ƙasa, ke a tsakiya. Ko ni ne sai na nemi canjin gari."

Ta jefe shi da tsumman, ya cafe yana dariya.

Ta sauka dandalin gari a hankali, hannu ɗaya a jikin bango. Ranar kasuwa ce, motar mai kifi da ta mai kayan miya sun buɗe baya a gaban coci. Mata suka yi mata caa, kowa da shawararta. Wata ta ce kada ta ba da ko ɗan yatsa, mutanen arewa sun kwashe 'ya'yanmu rayayyu zuwa masana'antunsu, yanzu sun dawo kan matattu. Wata ta ce zanen aro ba ya rufe katara, mai abu ya zo a ba shi abinsa. Fortunata ta yi kunnen uwar shegu da su duka. Ta sayi naman ɗan akuya da tumatir, ta ce wa mahaucin ya cire kitsen don baƙi gare ta.

Tana nan tsaye farar motar haya ta shigo dandalin, ta yi kwana biyu tana neman wurin tsayawa. Mace ta fara fitowa, siririya, gashinta fari an yanke shi gajere, da takalman da ba a yi su don duwatsunmu ba. Bayanta wani tsoho jajir mai tumbi, rungume da jaka. Matar ta ce sunanta Ornella, ta miƙo hannu biyu. Tsohon kuma Injiniya Amedeo ne, na ƙungiyar masu jiragen. Fortunata ta dube su sama da ƙasa, ta ce su biyo ta gida. Ta riga ta yanke a ranta cewa a'a za ta ce, amma a garinmu ba a hana mutum abu cikinsa babu komai.

Ta yi musu taliyar hannu da miyar akuya. Ba ta rage barkono ba. Ornella ta yi loma biyu idonta ya kawo ruwa, ta ce abincin ya yi daɗi ƙwarai, Fortunata kuwa ta ƙara mata. Injiniyan shi bai san ma me yake ci ba. Tun a hanya ya roƙi a tsaya a makabarta, ya durƙusa gaban farfelar yana shafa ta, yana cewa shi aune kawai yake so ya yi, ba zai taɓa simintin ba. Suna da gangar jikin jirgi irin wannan a rumfarsu, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage a duniya, sun shafe shekaru suna gyara ta, amma babu farfela, babu kuma zanen da za a ƙera wata.

Ya ture farantinsa ya baje hotuna a kan tebur. Fortunata ta sa gilashinta. Wannan ne karo na farko da ta ga jirgin a haɗe. Gajere ne, mai ƙaton kai zagayayye, fukafukansa masu lanƙwasa, ga farfelar mai reshe uku a hancinsa. Injiniyan ya ce sunansa Ariete, wato Rago.

"Rago kuma?" in ji ta. "Wa ya aiki rago sama?"

Ya yi dariya, ya ce ai tambayar ke nan. Ya ba su labarin kamar mai labarin ɗan'uwan da bai yi sa'a ba. Asalin zuriyar jirgin, in ji shi, don farautar jirage aka yi ta, a wata masana'anta a filayen arewa. Da injunan da ake so suka yi ƙaranci, sai aka ɗaura wa wannan inji na gida mai shan iska, aka rataya masa bam a ciki, aka ce ya riƙa tunkuyi daga sama. Ba a yi da yawa ba, ɗari biyu da wani abu. Kafin su isa hannun matuƙa yaƙi ya riga ya juya baya. A bazarar waccan shekarar aka turo su kudu, su faɗa wa jiragen ruwan da suka rufe teku, su 'yan tsiraru, abokan gaba kuwa ba a ƙirga su. Sai su tashi goma su dawo bakwai, washegari bakwai ɗin su sake tashi. Bayan an ajiye makamai kuma jiragen suka rabu gida biyu, wasu suka yi wa ƙawance aiki, wasu Jamusawa suka kwashe suka shafa musu nasu tambarin. Rago ɗaya, makiyaya uku.

Sai ya rage murya. Ya ce abin da ke hana shi barci shi ne, ranar da wannan ya faɗo an riga an sa hannu a kan sulhu a ɓoye, sanarwa ce kawai ba a yi ba. Manya sun san yaƙin ya ƙare, waɗanda ke sama ba su sani ba.

Fortunata tana jin maganar kamar daga ƙarƙashin ruwa. Idonta yana kan ɗan ɗakin gilashin da ke bayan injin, wurin zaman mutum ɗaya. Ta yi ƙoƙarin sa Rafeli a ciki, da sandarsa da gwiwarsa, bai shiga ba.

Ornella ta jira ya gama, sannan ta yi magana a hankali. Ta ce sunansa Ermes. Fortunata ta ce ba ta san waliyyi mai wannan suna ba. Ornella ta yi murmushi, ta ce a wajensu ba a cika tambayar waliyyai ba. Ita ba ta san shi ba, bayan yaƙi aka haife ta. Abin da ta sani shi ne kakarta, uwarsa, wadda har ta mutu ba ta yarda a kulle ƙofar baya ba, ko da hunturu. Da ta ga tafiya ta zo, sai ta sayi rami biyu a makabartarsu, ta sa aka rubuta sunansa a kan na biyun. Yana nan babu kowa a ciki. Uwar Ornella ta yi ta nema har ita ma ta tafi, ta bar mata wasiyya. Ornella ta buɗe jaka za ta ciro hotonsa, Fortunata ta ɗora hannu a kan jakar.

"Bar shi. Na san fuskarsa."

Ta tashi ta ɗora kofi, ta yi magana tana ba su baya. Ta ce ta ji tausayin tsohuwar, Allah ya ji ƙanta. Amma su yi lissafi. Mutumin nan yanzu ya haura casa'in. Ya saba da nan, ya san maƙwabtansa, ya san ƙarar ƙararrawarmu, yarenmu yake yi. Sanyin arewa da hazonta ba za su yi wa gwiwarsa daɗi ba.

"Tsoho ba a canja masa gida, Sinyora. In kika ɗaga shi, kin kashe shi."

Injiniyan ya buɗe baki, Ornella ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya sa Fortunata ta ji ta fara sonta, abin da bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ornella ta ce ba ta zo ƙwace ba. In Sinyora Fortunata ta ce a'a, za ta koma ta gaya wa kakarta a bakin kabari cewa yana hannu nagari. Abu ɗaya take roƙo, tunda likita yana zuwa: a buɗe ta gan shi, ko sau ɗaya, wani daga jininsa ya gan shi.

Fortunata ta ce za ta kwanta tukuna. Ta nuna musu kujerun ƙarƙashin inabi, ta shiga ɗaki ta ja katakon taga.

Gari ya yi tsit irin na bayan cin abinci. Haske yana shigowa siri-siri ta tsagar katako, yana kwanciya a kan hoton aurenta. Ta kwanta ta ɓarin hagu, ta kira shi a ranta, ba da sunan baƙin ba, da nata. Ta ce masa yau ce ranar, in yana da magana ya faɗa. Daga nesa ana kaɗe zaitun, sandar tana bugun rassa, 'ya'yan suna zuba kan raga kamar yayyafi.

Ta tsinci kanta a lambu. Katangar tana nan, wake yana nan a kwando an fara ɓarewa, amma babu kowa a zaune. Ta taɓa dutsen da yake zama a kai, da ɗumi. Sai inuwa ta rufe ta. Ta ɗaga kai, ga Ragon yana saukowa daga kurmi, a hankali, babu ƙara ko kaɗan, farfelar tana juyawa sannu-sannu har tana iya bin kowane reshe da ido. Biyu baƙaƙe ne, ɗaya fari sumul, yana ɗigar mai. Jirgin ya wuce saman itacen ɓaure, ya yi ƙasa har ta ga ƙusoshin cikinsa, ya zagaya gidan, ya sake zagayowa, kamar mai neman wurin sauka a gari duk tudu. Ta ɗaga hannu tana nuna masa gonar bakin rafi. Ta yi ɗage don ta leƙa ɗakin gilashin, rana ta haske shi, ba ta ga ko akwai mutum ba. Ta kira shi. Jirgin ya ci gaba da zagaye.

Ta farka bakinta a bushe, zuciyarta cike da haushi. Shekara saba'in tana zuba masa mai, ranar da take buƙatar kalma ɗaya ya aiko mata da ƙarfe. Ta zauna bakin gado har ƙafafunta suka dawo. Sannan ta buɗe adakar kayan aurenta, ta ciro farin zanin gado na lilin da uwarta ta saƙa, wanda ba a taɓa shimfiɗawa ba. Ta ɗauki kwalbar sipirit da auduga. In za a buɗe, ba za a mayar da shi cikin ruɓaɓɓen bargo ba.

"Gani kawai," ta ce wa Ornella a ƙofa. "Ki gan shi, mu gyara masa shimfiɗa, a mayar."

Rana ta karkata sa'ad da suka isa. Likitan ya riga su, wani saurayi mai gaggawa, yana ta duba waya. Fortunata ta ciro makulli ta buɗe kwaɗon da kanta. Saverio ya ajiye wasa a waje, kamar yadda yake yi duk ranar irin wannan aiki. Ya yi alamar gicciye, ya ɓamɓare farin dutsen, ya fasa bulon da ke bayansa a hankali, yana tara ɓaraguzan a bokiti. Iskar da ta fito ba ta da wari, sai sanyin tsohon ɗaki. Akwatin da babanta ya haɗa ya yi laushi, amma bai rushe ba. Suka jawo shi shi da Injiniyan, suka ɗora a kan dakali.

Likitan ya leƙa, ya rubuta abin da zai rubuta, ya koma gefe. Saverio ya tambaya, kamar yadda aka saba, wace ce ta jini da za ta share shi. A wurinmu ba a barin ma'aikaci ya yi wannan, macen gida ce ke goge ƙashi ɗaya bayan ɗaya kafin a naɗe. Ornella ta matso, ta duba. Ta ce ita ba ta iya ba, a wajensu ba a yi. Ta dubi Fortunata.

Fortunata ta shimfiɗa zanin a kan dakali, ta naɗe hannun riga. Ta yi wa uwarta wannan aiki, ta yi wa babanta, ta san yadda ƙashin tsofaffi yake: marar nauyi, gaɓoɓi sun cinye juna, baya ya tanƙware. Ta fara daga ƙafa. Ta ɗauki ƙashin gwiwar da ya daɗe yana yi mata kuka da ita, ta goge, ta juya shi a haske. Sumul yake, babu ci, babu tsaga. Ta ajiye, ta ɗauki ɗayan. Shi ma haka. Ta bi haƙarƙari, ta bi hannuwa, inda karayar faɗuwa take ta haɗa su gefe da gefe. Akwai maɓallan riga, da ƙarfen ɗamara, da ragowar takalmi.

Kai ta bari ƙarshe. Ta ɗauko shi da hannu biyu, ta zauna ta ɗora a cinya, ta jiƙa auduga. Da ƙurar ta fita sai haƙora suka bayyana, a jere, farare, babu giɓi, babu wanda ya lalace. Ta karkata muƙamuƙin wajen hasken ƙofa. A can ciki, haƙorin ƙarshe bai ma gama fitowa ba, rabinsa yana cikin ƙashi.

Ta daɗe tana kallo. Jikanta da ke birnin Torino, wanda har yanzu uwarsa ke wanke masa kaya, bara aka cire masa irin wannan haƙorin.

"Shekararsa nawa?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ashirin da ɗaya," in ji Ornella. "Da ya kai Nuwamba."

Fortunata ta sani, ai ba yau ta fara jin cewa samari ne ke tuƙa jirage ba. Amma sani daban, riƙewa a hannu daban. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana budurwa. Ta tuna abubuwan da ta zuba masa a kunne: faɗanta da Natale, jinin ɓari, rikicin gona, tsoron mutuwa da ke kama ta da sanyin safiya. Duk a kan ɗan mutane da bai gama haƙori ba. Tausayinsa ya kama ta.

"Ashe yaro ne," ta ce. "Yaro na tsare a nan."

Injiniyan ya fita waje yana fyace hanci. Saverio ya kawo akwatin kwanon ya ajiye kusa da ita bai tambaya ba, ita ma ba ta ce ya mayar ba. Ta jera ƙasusuwan a kan zanin, ta ɗora kan a sama, ta naɗe, gefe ɗaya sannan ɗayan, ta cusa bakin a ƙasa yadda ake yi wa jariri don kada iska ta shiga. Ta sa shi a akwatin da hannunta. Saverio ya rufe, ya kunna wutar dalma ya liƙe bakin, likitan ya sa hannu ya tafi.

Ornella tana kuka ba sauti. Ta ce ba dole ba ne, ta faɗa kuma tana kan bakanta, za a iya mayar da shi. Fortunata ta girgiza kai. Ta ce tsoho ne ba a ɗagawa. Yaro kuwa, in ya daɗe a gidan maƙwabta, mayar da shi ake yi wurin uwarsa, ko yana so ko ba ya so. Ta ce ita ma da wata ta riƙe mata nata haka, da ba ta yafe ba.

Suka sauko tare zuwa ƙofar makabarta, Saverio a gaba da akwatin, Fortunata a baya tana bin bango. Hasken yamma ya kwanta a kan ragar zaitun, teku a can ƙasa ya yi fari. Ta san daga yau in ta kwanta babu mai zuwa, kuma ta san ranar da za a kawo ta ɗakin nan, ramin ƙasa zai kasance babu kowa. Ta ji zafin abin sosai, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Injiniyan ya buɗe but ɗin motar, ya ture jakunkuna gefe ya yi wuri. Saverio ya sunkuya zai ajiye.

"Kai, ba nan ba," in ji Fortunata. "Kaya ne shi?"

Ta buɗe ƙofar baya, ta sa Ornella ta zauna, ta karɓi akwatin daga hannun Saverio ta ɗora mata a cinya. Ta kama hannuwan matar ta zagaya su a jikinsa, ta gyara, ta danna.

"Ki riƙe shi da kyau, hanyarmu kwana-kwana ce. Kuma kada ku tsaya ko'ina. Uwarsa tana jira."